Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Nasiha ga Masu Shirin Jarrabawar Turanci



Kowace shekara akwai matasanmu da suke kaiwa bakin ƙofar da suka daɗe suna nema, sai abu guda ya tsayar da su. Wani ya kammala digiri a Zariya ko Kano ko Sakkwato da sakamako mai kyau, wata jami'a a Ingila ta ce tana maraba da shi. Wata ma'aikaciyar jinya ce da ta goge a aikinta, asibitocin waje suna neman irinta. Wani tallafin karatu ya nema, har an kusa ba shi. Sai a ce saura shaidar iya Turanci. A nan ake fara jin sunayen IELTS da TOEFL, kuma a nan kuɗin iyaye da yawa suke salwanta, domin yaro ya shiga jarrabawar da bai san kanta ba, makinsa ya gaza, ya sake biya, ya sake gazawa. Wannan asarar ce take damuna, ita ta sa na ɗauki alƙalami.

Na san ƙorafin da yake bakinku. Kuna cewa tun firamare da Turanci aka koyar da ku, da shi kuka rubuta WAEC da JAMB, da shi kuka kare kundin digiri, to me ya sa za a sake gwada ku? Ƙorafin yana da tushe. Turanci harshen hukuma ne a Najeriya da Gana, amma duk da haka hukumar shige da fice ta Birtaniya ba ta sa ƙasashen biyu cikin jerin waɗanda aka ɗauke wa wannan sharaɗi ba. Wannan magana ce da ya kamata manyanmu su ci gaba da bi. Kai dai da kake da wa'adin miƙa takardu a gabanka, fushi ba zai ƙara maka maki ba. Abin da zai amfane ka shi ne tambaya. Jami'o'i da dama a Birtaniya suna karɓar sakamakon WAEC idan ka sami aƙalla C6 a Turanci, wasu kuma ba sa karɓa. Rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai na makarantar da kake nema, ka tambaye su wace jarrabawa suke so da makin da suke buƙata a kowane sashe. Matambayi ba ya ɓata, kuma wasiƙa ɗaya tana iya tsare maka kuɗi masu yawa.

Idan ta tabbata sai ka rubuta, to ka san wadda za ka rubuta. TOEFL ta Amurka ce, hukumar ETS take shirya ta, an fara ta tun 1964. IELTS an fara ta a 1989, kuma hukumomi uku ne suka mallake ta: British Council da IDP ta Ostireliya da sashen jarrabawa na jami'ar Kambirij. Akwai PTE ta kamfanin Pearson, akwai ta Duolingo da ake yi daga gida, akwai kuma OET wadda aka tsara musamman don likitoci da ma'aikatan jinya da sauran ma'aikatan lafiya. Ita IELTS iri biyu ce. Mai neman jami'a ko rajistar aikin lafiya yana rubuta wadda ake kira Academic, mai neman zama a ƙasa irin Kanada yana rubuta General Training. Wanda ya rubuta wadda ba ita aka nema ba, ko da ya cinye maki duka, ya yi aikin banza. Ku kuma sani cewa galibin hukumomi ba sa karɓar sakamakon da ya wuce shekara 2, saboda haka ba a rubuta ta a ajiye don wata rana.

Zan fi tsayawa kan IELTS domin ita mutanenmu suka fi rubutawa, amma nasihar ta shafi sauran.

Babban abin da nake so ku riƙe shi ne wannan: jarrabawar sikeli ce, kuma sikeli ba ya ƙara wa buhu nauyi. Abin da ka zuba shi zai nuna. Mun saba da jarrabawar da ake hadda a daren ƙarshe a je a juye wa malami, a ci, a manta. Wannan ba ta tambayar abin da ka haddace. Tana auna abin da kunnenka da idonka da hannunka da bakinka za su iya yi da Turanci cikin ƙayyadajjen lokaci. Ana ba da maki daga 0 zuwa 9 a kowane sashe huɗu, wato sauraro da karatu da rubutu da magana, sannan a haɗa a raba huɗu. Jami'o'i da yawa suna neman 6.5 ga mai neman digiri na biyu. Hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma ta Birtaniya tana neman 7 a sauraro da karatu da magana, da 6.5 a rubutu. Ta likitoci tana neman 7.5 a jimilla, kuma kada wani sashe ya gaza 7. Kun ga ke nan sashe ɗaya mai rauni ya isa ya rushe sauran ukun. Don haka wurin da ka fi tsoro, nan ya kamata ka fi daɗewa.

Kafin ka biya ko sisi, auna kanka. Jami'ar Kambirij tana buga jerin littattafan gwaji masu ɗauke da tambayoyi irin na ainihi da amsoshinsu, kuma shafukan British Council da IDP suna da samfurori kyauta a intanet. Sami wuri mai shiru, kashe waya, ajiye agogo a gabanka, ka yi gwaji ɗaya cikakke ba tare da leƙa amsa ba. Makin da ya fito shi ne gaskiyarka ta yau. Idan ana neman 7 ka sami 6.5, makonni kaɗan na koyon dabarun jarrabawa za su iya isar ka. Idan 5 ka samu, to ba dabara ce ta rage maka ba, harshen ne da kansa yake son gini, kuma ginin harshe aikin watanni ne. Kada kunya ta sa ka ɓoye wa mahaifinka wannan. Gara ka ce masa, "Baba, a ba ni lokaci in ƙara shiri," da ka karɓi kuɗin da aka sayar da hatsi ko dabba aka tara, ka kai su inda ka san ba za su dawo da komai ba.

Sashen sauraro yana ɗaukar kimanin minti 30, tambaya 40 ne, kuma sau ɗaya tak ake kunna muryar. A nan ɗalibanmu suke fara gigicewa, domin kunnenmu ya saba da Turancin malamanmu, wanda ake furta kowane harafi a fili. A jarrabawar za ka ji Baturen Ingila, ka ji na Ostireliya, ka ji na Amurka, kowa da karin harshensa, suna haɗiye rabin kalma suna wucewa. Ga yadda tarkon yake. Wata mata ta buga waya tana son kama ɗaki a masauki, kai kuma kana cike fom a madadin mai karɓar baƙi. Ta ce za ta zo ranar 13 ga wata, ka yi maza ka rubuta. Sai ta ce a'a, ta tuna tana da taro, a mayar ranar 15. Wanda ya rubuta ta farko ya ɗauke kunnensa ya faɗi. Haka nan 13 da 30, ko 15 da 50, sun yi kama a bakin Bature, sai kunnen da ya saba yake rarrabe su. Kuma kuskuren harafi ɗaya a rubuta amsa yana ɓata ta gaba ɗaya. Maganin wannan shi ne sauraro kullum. Mu mutanen rediyo ne tun kakanni, to ku ƙara da tashoshin Turanci. BBC tana da wani ɗan shiri na minti shida don masu koyo, kuma ana samun rubutaccen abin da aka faɗa. Saurara ba tare da kallon rubutun ba, rubuta abin da ka ji, sannan ka gwada da nasu. Inda ka bar giɓi, nan kunnenka yake da aiki. Amsa 30 daidai cikin 40 ita take kai mutum wajen maki 7.

Sashen karatu minti 60 ne, tambaya 40, kuma a Academic dogayen matani uku ne. Abokin gabarka a nan agogo ne. Wanda ya ce sai ya fahimci kowace kalma kafin ya amsa, lokaci zai ƙare masa yana tsakiyar matani na biyu. Koyi duba matani da sauri don gane inda kowane sakin layi ya dosa, sannan ka koma ka nemo amsa a inda take. Tambayar da ta fi kayar da mutane ita ce wadda ake ba ka jimla a ce ka zaɓi ɗaya cikin uku: gaskiya ce, ƙarya ce, ko ba a faɗa ba. Misali, matani ya ce an buɗe wata masana'anta a shekarar da aka yi fari. Tambaya ta ce farin ne ya sa aka buɗe ta. Hankalinka zai ce ai da alama haka ne. Amma matanin bai faɗi dalili ba, shekara kawai ya faɗa, saboda haka amsar ita ce ba a faɗa ba. Abin da ka sani daga waje, da abin da ka zata, duk ka ajiye su a ƙofa. Kuma kada ka bar gurbi ba amsa, domin ba a rage maki don kuskure.

Amma dabara ba ta maye gurbin sabo da karatu. Wanda bai taɓa gama littafi guda na Turanci don jin daɗin kansa ba, zai sha wuya da matani kan ƙudan zuma ko tarihin agogo. Ku karanta jarida, ku karanta maƙalun kimiyya da aka rubuta don kowa da kowa, ku karanta labari. Ku riƙe ƙaramin littafi, duk sabuwar kalma ku rubuta ta tare da jimlar da kuka tsince ta a ciki, domin kalmar da aka haddace ita kaɗai ba ta zuwa lokacin da ake nemanta.

Rubutu shi ne inda makin mutane da yawa yake maƙalewa, don haka zan daɗe a kansa. Minti 60 ne, aiki biyu. Na farko aƙalla kalma 150, a kimanin minti 20: mai rubuta Academic zai bayyana abin da wani jadawali ko zane ko taswira yake nunawa, mai General Training zai rubuta wasiƙa. Na biyu insha'i ne na aƙalla kalma 250, a kimanin minti 40, kuma nauyinsa ya ninka na farko sau biyu. Wanda ya ɓata rabin sa'a yana ƙawata aikin farko ya cuci kansa. Mai dubawa yana auna abu huɗu: ko ka amsa abin da aka tambaya, ko tunaninka yana bin juna a tsare, yalwar kalmominka, da ingancin nahawunka.

A nan akwai abin da ya shafe mu musamman. Tarbiyyarmu ta koya mana cewa ba a faɗa wa babba magana kai tsaye. Sai an yi gaisuwa, an yi shimfiɗa, an kewaya, sannan a sauka kan buƙata. Wannan ladabi ne mai kyau, kuma a zaure shi ne daidai. A takardar jarrabawa kuwa, shimfiɗa mai tsawo tana cinye lokaci da maki. Idan an tambaye ka ko ya kamata gwamnati ta fi kashe kuɗi kan jiragen ƙasa ko kan hanyoyin mota, faɗi matsayinka a sakin layi na farko. Sakin layi na biyu dalili ɗaya, ka bayyana shi, ka kawo misali. Na uku wani dalilin. Na ƙarshe ka ɗaure maganar. Idan tambayar tana da rassa biyu, amsa duka biyun, domin wanda ya bar reshe ɗaya ya bar maki a ƙasa komai kyawun Turancinsa.

Ku guji manyan kalmomin burga. An daɗe ana ruɗar mu cewa wanda ya iya Turanci shi ne wanda in ya yi magana sai an buɗe ƙamus. Mai dubawa ya fi son kalma mai sauƙi da ta zauna daidai wurinta a kan gagarumar kalma da aka cusa inda ba ta dace ba. Ku guji kuma jimlolin buɗewa da wasu cibiyoyin lesin suke ba ɗalibai su haddace. Masu dubawa sun ga irinsu sau ba adadi, an horar da su gane hadda, kuma ba sa ba ta maki.

Akwai kurakuran da harshenmu yake jawowa, kuma saninsu rabin magani ne. Hausa tana raba kusan komai zuwa namiji da mace, mota ita ce, gida shi ne, sai wannan ya bi mu cikin Turanci mu riƙa kiran mota da lamirin mace. Ƙananan kalmomin nan da Turanci yake sawa gaban suna don nuna sananne da wanda ba a sani ba, mukan tsallake su ko mu sa inda ba a so. Lokutan aikatau ma mukan fara labari da shuɗaɗɗe mu ƙarasa da na yanzu. Ba za ka ga waɗannan da idonka ba, sai wani ya nuna maka. Nemi malamin Turanci mai gaskiya, wanda zai ja jan biro a takardarka ba tare da jin nauyinka ba. Insha'i biyar da aka gyara maka, ka sake rubuta su, sun fi hamsin da ba wanda ya duba. In a kwamfuta za ka rubuta jarrabawar, to ka saba da buga rubutu a madannai tun yanzu, domin yatsan da ya saba da waya kaɗai yana lalube a ranar.

Sashen magana minti 11 zuwa 14 ne, kai da mai gwaji, ana naɗar muryarku. Zai fara da tambayoyi kan gida da aiki da abin da kake so. Sannan ya miƙa maka kati mai ɗauke da batu, ya ba ka minti ɗaya ka yi tunani, ka yi magana har zuwa minti biyu ba tare da ya katse ka ba. Daga nan ku tattauna batun da zurfi. Minti biyu kamar ba komai ba ne, sai ka gwada. Da yawa suna ƙarewa a daƙiƙa arba'in su yi shiru suna kallon tebur. A ce katin ya ce ka bayyana mutumin da ya koya maka wani abu mai amfani. Kada ka ƙirƙiro wani farfesa da ba ka sani ba. Kawo kakarka da ta koya maka lissafin ciniki a kan faifan ƙosai, ko telan unguwarku da ya sa ka warware ɗinki sau da yawa har ya miƙe. Faɗi inda kuke zama, da abin da yake cewa in ka yi kuskure, da yadda abin ya amfane ka yau. Abin da ka rayu a cikinsa ba ya ƙare maka a baki. Ba a ba da maki don labarinka ya yi kama da na Turawa. Hawan sallah da kasuwar ƙauyenku da daminar bana duk batutuwa ne da za su cika minti biyu har su yi saura.

Kada ku wahalar da kanku wajen kwaikwayon muryar Bature. Ba a rage wa kowa maki don an ji Bahaushe ne, abin da ake nema a fahimce shi ba tare da wahala ba. Sai dai akwai sautukan da suke canza ma'ana. Hausa ba ta bambanta p da f, mukan kuma mayar da v ta zama b, sannan mukan cusa wasali tsakanin baƙaƙen da Turanci yake haɗawa a jere. Waɗannan su za ku yi wa aiki. Naɗi muryarka a waya kana amsa tambaya, ka saurara. Ran farko ba za ka ji daɗi ba, amma nan gyara yake farawa.

Babban abin da yake hana mu iya magana shi ne tsoron dariya. A cikinmu wanda ya yi kuskure a Turanci sai a mayar da shi abin ba'a, wanda ya yi ƙoƙari kuma a ce yana iyayi. Wannan ɗabi'a ta rufe bakin masu basira da yawa, kuma ina roƙon ku ku daina ta. Ku haɗu ku uku ko huɗu, ku sa lokaci, bayan la'asar ko bayan isha'i, ku yi rabin sa'a ba Hausa, ɗaya ya zama mai gwaji, sauran su amsa, ku gyara wa juna cikin mutunci. 'Yan mata da ba sa samun fita, kuna iya yin haka ta waya da ƙawayenku. 'Yan'uwanmu na Nijar da Chadi da Kamaru da suka yi karatu da Faransanci, da na Sudan da suka yi da Larabci, tafiyarku ta fi tsawo kaɗan, amma wanda ya riga ya mallaki harshe biyu ko uku ya san hanyar mallakar na gaba.

Sai gargaɗi. Za ku ga masu talla a Facebook da WhatsApp suna cewa za su samo muku takardar sakamako ba tare da kun zauna jarrabawa ba, ko za su ɗaga muku maki daga ciki, ko suna da tambayoyin gobe. 'Yan damfara ne. Kowace takardar sakamako tana da lamba, kuma jami'o'i da ofisoshin biza suna tantance ta kai tsaye a rumbun masu jarrabawar. Wanda aka kama da ta bogi zai rasa gurbin, ana iya hana shi biza na shekaru, ga zubewar mutuncin gidansu. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ko da a ce ta wuce, yaya ma'aikaciyar jinya za ta yi ranar da majiyyaci yake gaya mata inda yake masa ciwo ba ta gane ba? Yaya ɗalibi zai yi a aji yana kallon bakin malami? Makin da aka ce ka kawo, an sa shi ne don rayuwar da take jiran ka bayan ka sauka daga jirgi.

Idan ranar ta matso, ka yi barci da wuri, ka ci abinci, ka isa wurin kafin lokaci, ka riƙe takardar shaidar da ka yi rajista da ita, wadda galibi fasfo ce, domin ba za a karɓi wata ba. Ka yi addu'a, ka nemi albarkar iyaye. In tambaya ta wuce ka a sauraro, ka bar ta ka kama ta gaba, kada guda ɗaya ta ja maka asarar biyar. In sakamako ya fito bai kai ba, kada ka ruga ka sake biya cikin zafin rai. Duba sashen da ya ja ka ƙasa, ka ba shi haƙƙinsa, sannan ka koma.

Kada kuma neman Turanci ya sa ku raina Hausa, ko ku ɗauka makin jarrabawa shi ne ma'aunin hankalinku. Mutumin da ya iya tsara hujja da harshen uwarsa, ya san gabatarwa da dalili da kammalawa, shi ya fi saurin iya tsara ta da wani harshen. Turanci kayan aiki ne da za ku ɗebo ilimi da shi ku kawo gida, inda ake jiran likitoci da injiniyoyi da malamai.

Ƙannena, ku fara yau. Ku tambayi makin da ake nema, ku auna kanku da gaskiya, ku ware sa'a guda kullum don sauraro da karatu da rubutu da magana, kuma kada ku biya kuɗin rajista sai gwajinku na gida ya riƙa kaiwa inda ake so. Allah Ya buɗa muku, Ya sa ilimin da za ku samo ya amfane ku da iyayenku da al'ummarmu baki ɗaya.